Taya Uku Da Tamfol: Yadda Wani Mai Walda A Nima Ya Zaɓa Wa Jirgin Tudunsa Ƙafafu

Aikin da za a duba a nan na wani mai walda ne a Nima, cikin Akra, wanda sana'arsa ta yau da kullum ƙofofin ƙarfe ce da tagogi da rumfunan kanti. Shi da yaran shagonsa biyu suka ƙera jirgin tudu: firam na bututun ƙarfe mai siffar T, taya ɗaya a gaba da ake karya kwana da ita da ƙafa, biyu a baya, kujera a kishingiɗe dab da ƙasa, turke mai tsawon kusan mita 4, da tamfol mai faɗin murabba'in mita 4 da wani tela ya ɗinka musu. Babu inji, babu feda, iska ce kaɗai ke tura shi. Firam bai ba su wahala ba, don haɗa bututu shi ne abincinsu. Tamfol ɗin ba na gasa ba ne, amma yana kama iska. Abin da ya cinye musu lokaci da sidi shi ne taya, kuma a kanta za a tsaya.

Abin hawan ba sabo ba ne a duniya. Wajen shekarar 1600 Simon Stevin ya ƙera wa Yarima Maurice na Holan wani babba da ya ɗauki mutane fiye da ashirin a bakin teku. A 1898 'yan gidan Dumont suka fara yin nasu a De Panne ta Beljiyam, inda wasan ya kafu. A 1967 wata tawaga ta ratsa Sahara da irinsa daga Colomb-Béchar ta Aljeriya zuwa Nuwakshot ta Muritaniya. A 2009 Richard Jenkins ya yi gudun kilomita 202.9 a awa a busasshen tafkin Ivanpah na Amurka, sannan a Disambar 2022 Glenn Ashby ya kai 222.4 a kan gishirin tafkin Gairdner na Ostireliya. Wanda ya lura zai ga duk waɗannan sun fara samun ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tauri, sannan suka yi mata tayar da ta dace da ita. Mai waldar Nima ya fara da tayar da ke hannunsa, ƙasar kuwa ya bar ta sai daga baya.

Tayar keken hawa, da abin da ya karya ta

Zaɓinsa na farko kowa zai fahimce shi. Iska ba ta da ƙarfin inji, saboda haka a nemi taya marar nauyi, mai girma, mai saurin juyawa. Ya sayi tayoyin keken hawa masu inci 26, na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Ya narka gefe ɗaya na aksil ɗin kowace, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, a jikin bututun baya, ɗaya gefen ya bar shi a sake. A shago abin gwanin sha'awa: ka murza taya da hannu, ka je ka sha ruwa ka dawo tana juyawa.

Suka kai shi wani filin ƙwallo na jar ƙasa da yamma, ƙaramin yaron shagon ya hau. Ya tafi miƙe lafiya lau. Da ya zo juyawa, iska ta cika tamfol daga gefe, tayar hagu ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka, jirgin ya durƙusa. Yaron ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Abin da ya ce shi ne, "Masta, ban bugi komai ba, ita ce ta zauna da kanta." Gaskiya ya faɗa.

Tayar keke an yi ta ne don nauyin da ke saukowa daga sama. Mai keke idan zai sha kwana sai ya kwanta tare da kekensa, nauyin ya ci gaba da bin tsayin tayar. Wayoyin da ke riƙe da rim suna da ƙarfi ƙwarai ta wannan fuska, amma ta gefe ba su da wani abin kirki, domin tazarar da ke tsakanin jerensu biyu a cibiya 'yar kaɗan ce. Jirgin tudu kuwa ba ya kwanciya. Kuma yawancin ƙarfin da iska ke yi wa tamfol ba gaba yake turawa ba, gefe yake turawa. Jirgin ruwa mai tamfol yana da allo a nutse a ƙarƙashinsa da ke hana shi zamewa gefe. A tudu wannan aikin taya ce ke yin sa. Ita ce ke ɗaukar nauyi, ita ce ke turjewa, kuma sai ta turje ne jirgin ke tafiya gaba.

Na zauna da su muka buga lissafi a bayan wata takardar siminti, don a san girman abin da ake magana a kai. Tamfol mai murabba'in mita 4, idan iskar da ke bugunsa ta kai mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa, yana jin turi na kusan kilo 24. Idan ta kai mita 15, turin ya haura kilo 50, domin duk sanda gudun iska ya ninka, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Kuma iskar da tamfol ke ji ba wadda mai tsaye ke ji ba ce, an haɗa da ta gudun jirgin kansa. Jirgin da matuƙinsa sun kai kilo 130. Tazarar tayoyin baya mita 1.6 ce, tsakiyar turin tamfol kuma tana kusan mita 1.7 daga ƙasa. Da waɗannan ma'aunai, turin gefe na kusan kilo 40 ya isa ya ɗaga tayar da ke ɓangaren da iska ke fitowa. A wannan lokacin ɗaya tayar bayan, wadda iska ke dannewa, ita kaɗai ke ɗauke da wajen kilo 90 daga sama, ga kuma mafi yawan kilo 40 ɗin nan yana tura ƙasanta zuwa ƙarƙashin jirgin.

Girman tayar, wanda Masta ya ɗauka alheri ne, a nan ya zama illa. Turin gefe a ƙasa yake kama taya, cibiya kuma tana sama, tsawon da ke tsakaninsu shi ne hannun da ke murɗa ta. A taya mai inci 26 hannun nan santimita 33 ne. A tayar da tsayinta duka santimita 40 ne, hannun 20 ne kawai. Turi ɗaya, murɗar ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ga kuma aksil: na keke milimita 10 ne a baya, an yi shi don a riƙe shi ta gefe biyu. Riƙe shi ta gefe ɗaya, kuma bayan an gasa shi da wutar walda, neman magana ne. Da rim bai riga shi ba, shi ma yana hanya.

Ina za a tuƙa shi?

Wannan tambayar ce ya kamata ta zo kafin a sayi ko noti ɗaya, kuma a Akra amsarta ba mai daɗi ba ce. Hotunan da yaran suka gani a waya na gaɓar Faransa ne da Beljiyam, inda teku ke janyewa ta bar fili mai faɗin ɗaruruwan mitoci, jiƙaƙƙe, mai tauri. A wasu gaɓoɓin Faransa bambancin cikar teku da janyewarta ya wuce mita 10. A gaɓar Ghana bai kai mita 2 ba. Bakin tekunmu mai gangara ne, siriri, rairayin sama busasshe mai nutsar da ƙafa, na ƙasa kuma igiyar ruwa na wanke shi kowane lokaci. Abin da ya rage wa mai jirgin tudu wani ɗan zirin jiƙaƙƙen rairayi ne da ke fitowa idan teku ta janye sosai, shi ma ba ko'ina ba. A Labadi, bakin tekun shaƙatawa na Akra, jama'a da dawakin haya ba za su bari ba. Sai an fita gabas, an wuce Tema zuwa wajen Prampram, sannan ake samun inda za a miƙe, kuma ko can sai an kula da kwalekwalen masunta da igiyoyinsu da tarkacen roba da ruwa ke amayowa. Busasshen rairayin sama kuwa, ban da rashin tuƙuwa, nan ne kunkurun teku ke binne ƙwai a lokacin rani, bai kamata taya ta bi ta kai ba.

Iskar ma tana da nata sharaɗin. Yawancin shekara daga kudu maso yamma take busowa, ta fi ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba. Gaɓar Akra kuma ta miƙe ne daga yamma zuwa gabas tana ɗan karkata arewa. Wanda ya nufi gabas, teku na damansa, iska na bayansa ta dama, tafiya ta yi daɗi. Dawowa ce aiki, don iskar ta kusa zama gaba da gaba, sai da yamma idan ta ƙara juyawa kudu. A irin wannan dawowar ɗan turin gaba da tamfol ke bayarwa kaɗan ne, duk abin da taya ta ci daga cikinsa ana jin sa. Sannan a tafiyar gabas tayar hagu ce iska ke dannewa, kuma ita ce ke ɓangaren tudu inda rairayi ya fi laushi. Tayar da ta fi ɗaukar kaya ita ce ke kan ƙasar da ta fi rauni.

Wuri na biyu shi ne filayen jar ƙasa da hanyoyin burji da ba a bi sosai a bayan gari. Ƙasar tana da tauri, taya na gudu a kanta, amma akwai tsakuwa, akwai ƙaya, akwai ramukan da ruwan sama ya tona. Ke nan ana neman taya ɗaya da za ta yi iyo a kan rairayi, ta kuma jure burji. Siririyar taya ta faɗi tun a nan, ko da ba ta lanƙwashe ba: a rairayi yanka take yi, ta tona wa kanta rami tana ta ƙoƙarin hawowa daga ciki.

Abin da kasuwa ke da shi

Tayar ƙaramar mota ita wani maƙwabci ya fara kawo shawara, tunda ga su nan birjik a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Akra. Ba za ta karye ba har abada, amma taya da rim da cibiya na gefe biyu sun kusa kai nauyin firam ɗin gaba ɗaya, kuma robarta mai kauri ba ta lotsawa ƙarƙashin kilo 60. Ta bayan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mai rim inci 12, ita ma haka, an yi ta ne don buhunan siminti da shara. Ba a daɗe a kansu ba.

Tayar babur mai inci 17 ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tana da ƙarfi ta gefe fiye da ta keke nesa ba kusa ba, musamman mai rim na zubi, kuma girmanta na taimakawa wajen haye rami. Manyan jiragen gasa a Turai da manyan tayoyi suke tafiya, a karkace. Matsalarta a wannan aikin biyu ce. Cibiyarta an yi ta don aksil na milimita 12 zuwa 15 da ake riƙewa ta gefe biyu, kuma babu naman ƙarfen da za a faɗaɗa ramin ya ɗauki boris babba. Sannan faɗin robarta bai wuce inci 3 ba, tana da kauri, a rairayi za ta nutse. Da burji kaɗai za a bi, da ni ita zan zaɓa, a sassaƙa mata sabuwar cibiya. Amma yaran teku suke so.

Sai tayar baro. Masta ya yi dariya da aka ambace ta, ya ce shi bai ƙera abin ɗaukar kankare ba. Amma ita ce tayar ƙananan jiragen tudu a duniya. Akwai rukunin gasa da ake kira 5.60, wanda sharaɗinsa shi ne igiya mai tsawon mita 5.6 ta zagaye tayoyin uku a ƙasa, kuma kada taya ta wuce 4.80/4.00-8. Wannan lambar ita ce rubuce a gefen tayar baro mai iska: rim inci 8, faɗin roba kusan inci 4, tsayinta duka kusan santimita 40. Gajera ce, hannun murɗarta kaɗan ne. Tana da faɗi, tana da laushi, ana iya rage mata iska ta baje. Tana kuma sauke jirgin ƙasa, wanda ke rage kifewa.

Sai dai baro baro ne. Da yawa daga cikin waɗanda magina ke turawa a Akra tayarsu curarriyar roba ce marar iska, wannan ba ta da amfani a nan, don ba a rage mata komai, kuma duk tsakuwar da ta taka sai ta isar da saƙon har ƙashin bayan matuƙi. Mai iskar ma, rim ɗinta falle ne siriri, abin da ke cikin cibiyarta kuma ko dai zoben roba ko wani boris na gwangwani mai girgiɗi. An yi shi don tafiyar ƙafa. Taya mai santimita 40 tana cin mita 1.26 a juyi ɗaya. A tafiyar mai baro, kilomita 5 a awa, juyi 66 ke nan a minti. A kilomita 40 a awa ya zama 530, ga turin gefe, ga rairayi yana shiga. Zoben roba zai yi zafi ya narke, ko ya ci ya buɗe.

Mafita daga bakin mai facin da ke kusa da shagon ta fito. Ya dubi lambar ya ce ai ita ce ta pragya, wato keke mai ƙafa uku na fasinja da ake kira adaidaita sahu a Kano. Bajaj RE da TVS King duk 4.00-8 suke sawa. Rim ɗinsu ƙarfe ne mai kauri da aka yi don ya ɗauki fasinjoji ya sha kwana da su a kwalta, kuma wanda suka samo mai ɓari biyu ne da ake haɗawa da noti, ba sai an tsokane shi da ƙarfe ba kafin a sa taya. Robar pragya ita kanta ta yi kauri, ta yi nauyi, gefenta ba ya lotsawa da sauƙi. Amma tunda bakin rim ɗaya ne, ba abin da ya hana a ɗauki rim na pragya a sa masa robar baro. Haka aka yi. Suka nemi robar baro mai lamba 4PR, wadda ta fi 2PR ƙarfi, mai zane a miƙe zagaye da tayar, ba mai ƙulle-ƙulle ba. Miƙaƙƙen zane yana gudu da sauƙi ta gaba, yana cizon ƙasa ta gefe, kuma bai cika watsa wa matuƙi rairayi a fuska ba. Tsofaffin robobin pragya biyu kuma aka ajiye don ranar burji, inda ƙaya ke huda ta baro.

Mai facin ya ja musu kunne a kan abu ɗaya da ya kamata a maimaita: rim mai ɓari biyu ba a kwance notinsa sai an fitar da iskar ciki kaf. In ba haka ba ɓarin na iya tashi da ƙarfi ya sami fuskar mai kwancewa.

Cibiya, boris da aksil

A ganina nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne masu ƙera irin wannan abu ke yin sakaci, don ido robar yake gani. Rim na pragya ba shi da boris a jikinsa, a kan cibiya ake ɗaure shi. Sai aka tafi Kokompe ta Darkuman, wurin masu gyaran mota a Akra, gun wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe. Ya sassaƙa bututu mai kauri, ya yi wa kowane bakinsa mazaunin boris, ya haɗa masa faifan ƙarfe mai ramuka daidai da na rim. Ya nace sai an yi waldar faifan tukuna sannan a sassaƙa mazaunin, domin zafi na karkatar da ƙarfe. Masta ya ce, "Baba, ai hannuna ba ya rawa." Dattijon ya ce ba hannu ke rawa ba, ƙarfen ne.

Boris ɗin da aka zaɓa 6204-2RS ne: ramin ciki milimita 20, faɗin waje 47, kauri 14, da murfin roba ta gefe biyu. Ɗaya daga cikinsu yana ɗaukar sama da kilo 600 a tsaye, saboda haka ba ƙarfi ake nema ba, murfin ake nema. Mai murfin ƙarfe ya fi saurin juyawa a hannu, amma ruwan gishiri da rairayi na shiga ta gefensa. Murfin roba yana ɗan riƙe taya, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da rairayi ke ci. A Abossey Okai lamba ɗaya tana da farashi iri-iri, akwai na kwaikwayo a cikin kwali mai kyau. Araha ba ta ado. Suka sayi na tsakiya, suka ƙara biyu na ajiya.

Tazarar boris biyun ma ba a bar ta haka nan ba. Turin gefe na kilo 35 a hannun santimita 20 yana ƙoƙarin karkatar da cibiya, boris biyun ne ke hana ta. Idan tazararsu santimita 5 ce, kowane zai ji ƙarin kilo 140. Idan aka buɗe su zuwa 8, ya sauko ƙasa da 90, girgiɗin tayar ma ya ragu. Tsakaninsu aka sa ɗan gajeren bututu da ya tokare zoben ciki na wannan da na wancan. Idan babu shi, kana ɗaure noti kana matse ƙwallayen boris ta gefe, taya ta yi tauri, sai ka sassauta, ta koma girgiɗi. Da shi, a ɗaure iya ƙarfi, taya na juyawa yadda take.

Aksil kuwa, ƙarfinsa wajen jure lanƙwasa ba daidai da kaurinsa yake ƙaruwa ba, ya fi haka nesa. Na milimita 20 ya fi na 10 sau takwas, ya fi na 16 kusan sau biyu. Babban yaron shagon ya so a yanko rodi a sassaƙa, tunda akwai shi a ƙasa. Rodi ƙarfen gini ne, ba a san irin haɗinsa ba, aka bar shi. Aka sayi dogon bolt na milimita 20 mai lamba 8.8 a kansa, alamar taurin ƙarfensa, wanda sashensa marar zare ya isa boris biyun su zauna a kai. Ba a yi masa walda ba. Wani kakkauran bututu aka narka a bakin bututun baya, bolt ya ratsa ta ciki aka ɗaure. Wuta tana kashe taurin irin wannan ƙarfen daidai inda aka fi buƙatarsa, kuma wanda aka zura in ya lanƙwashe ana zare shi a sa wani a bakin teku.

Noti na gefen hagu yana da halinsa. Idan jirgi na tafiya gaba, juyin tayar hagu ya yi daidai da hanyar kwance noti. Ranar da boris ya cije, zai ja notin ya warware, taya ta fita da gudu. Aka sa noti mai tsaga, aka huda bolt aka zura ƙusar kulle, hagu da dama.

Saiti da gwaji

An ɗan karkatar da tayoyin baya, samansu ya shigo ciki, ƙasansu ya buɗe waje, abin bai kai digiri 10 ba. Dalili shi ne nauyin sama da turin gefe idan suka haɗu a kan tayar da iska ke dannewa, a karkace suke sauka, karkatar tayar kuma na sa wani kaso nasu ya bi tsayinta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tayoyin biyu su kalli gaba sak. Aka auna tazararsu ta gaba da ta baya da tef, matuƙi na zaune, aka tarar bakinsu ya buɗe da kusan santimita ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa kowace na jan jirgin nata ɓangaren tana goge roba. Sai da aka yanke mazaunin aksil ɗaya aka sake narka shi.

Gwajin da ya fi amfani ba ya buƙatar iska ko kaɗan. Suka aro ma'aunin rataye irin na masu sayen tsohon ƙarfe, suka ɗaura a hancin jirgin, mutum na zaune, wani ya ja a hankali yana duban allura. A ƙasa mai tauri, abin hawa mai kilo 130 a kan taya mai iska bai kamata ya nemi fiye da kilo 3 ko 4 ba. A busasshen rairayi yana iya neman 20 ko 30. A tuna cewa iska mai mita 5 a daƙiƙa turin kilo 6 kawai take yi wa wannan tamfol ɗin, kuma ba duka ke tafiya gaba ba. Daga nan aka daina gardamar ko za a iya tuƙi a rairayin sama.

Da ma'aunin nan aka nemo iskar da ta dace da taya. Faɗin inda roba ke taɓa ƙasa kusan nauyi ne a raba da ƙarfin iskar ciki. Taya mai ɗauke da kilo 60, a fam 30 na geji, tana taka murabba'in santimita 28 ne. A fam 12 tana taka wajen 70. A burji iska mai yawa ta fi gudu, muddin ba a wuce abin da aka rubuta a gefen robar ba. A jiƙaƙƙen rairayi sai da aka rage sosai sannan allurar ta sauko. Amma ragewar na da iyaka: idan ta yi yawa, turin gefe na naɗe robar ƙarƙashin rim, tub ya zame, bawul ya tsinke. Suka tsaya inda sawun tayar ke fita a shimfiɗe ba tare da gefenta ya kwanta ba, suka rubuta lambar da fenti a jikin firam, ɗaya ta teku, ɗaya ta burji. Bayan kowace fita teku ana wanke rim da cibiya da ruwan famfo a shafa giris a bakin boris, in ba haka ba tsatsa ba ta jiran mako.

Tayoyin baya sun zauna. An yi tafiyar gabas da su a iskar Agusta har tayar dama ta ɗaga, ta hagu ta riƙe, babu abin da ya lanƙwashe. Robar baro ba ta cika zagaye daidai ba, tana ɗan tsalle idan gudu ya yi yawa, wanda ke tuna wa matuƙi cewa ba don wannan aka yi ta ba. Ba ta da tabbacin gudun mota, shi ya sa Masta ya hana hawa sai da hular kwano, ya kuma hana a kusanci kwalta. Birki ƙarfe ne da ake ja ya tona ƙasa, amma ainihin tsayawa sakin igiyar tamfol ne da juya hanci cikin iska.

Tayar gaba ce ba a gama da ita ba. Ta ƙaramin keken BMX ce mai inci 20, a cikin fok ɗinta, wato ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe ta ta gefe biyu, kuma nauyin da ke kanta kaɗan ne, don haka ba ta lanƙwashe ba. A burji tana aiki sarai. A rairayi kuwa tana yanka ta nutse idan aka juya ta da sauri, wani lokaci ta ƙi cizo jirgin ya ci gaba da miƙewa alhali an karya kwana. Matsar da turken tamfol baya kaɗan ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Dattijon Kokompe ya riga ya sassaƙa cibiya ta uku, gajera, mai ɗaukar aksil da za a riƙe ta gefe biyu. Abin da ya rage shi ne sabon fok mai faɗin da 4.00-8 za ta shige, kuma Masta ya ce sai ya kammala ƙofofin wani gida a unguwar Madina ta Akra zai zauna a kansa.